Buhun Irin Datti Bari-Tukuna

A duk inda ruwan kanal ke ratsawa, daga Kura har Bunkure, in ka ce kana neman Datti sai a tambaye ka wanne, don masu sunan sun fi kwandunan tumatir yawa. Amma ka ce Bari-Tukuna ka gani. Ko akuyar da ke kwance a bakin hanya za ta ɗaga haɓa ta nuna maka gidan.

Ba sharri aka yi masa ba, guminsa ya ci. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ta sha faɗa cewa tun yana ciki ya soma halin. Watan haihuwa ya kama, an jibge itacen wankan jego, ungozoma ta yi ta zarya har silifas ɗinta ya tsinke, shi kuwa gogan yana ciki ya miƙe ƙafa, wai sai an ɗan ƙara gyara duniyar zai fito. Da ya ga dama ya fito ɗin ma, kukan da ya yi na ƙorafi ne, irin na baƙon da aka tasa bai gama barci ba.

Da ya girma ya zama manomin shinkafa, kuma a nan Allah ya rufa masa asiri, domin ita ce kaɗai amfanin gonar da ke iya jure mai irin halinsa. Shanshera, wato shinkafar da ke cikin ɓawonta ba a kai ta inji ba, in ka busar da ita ka ɗinke a buhu ka jingine a sito, sai ta yi ta zama ba ta ce maka uffan ba. Datti ya ajiye, kasuwa ta yi kyau, ya sayar. Ya sake ajiyewa, ta sake yin kyau. Shi ke nan, sai ya ɗauka duk abin da Allah ya halitta shanshera ne. Ya yi shekaru yana tafiya gona a ƙafa saboda ya ji wai akwai wani samfurin babur da ba ya shan mai yana nan tafe. Ɗakinsa na yoyo, ya ce a tara roba tukuna, an ce masa ana ƙera wani rufi da ba ya ɗaukar zafi. In an matsa masa sai ya gyara hula ya ce sannu ba ta hana zuwa. Ragowar karin maganar, wato sai dai a daɗe ba a je ba, har yau bai sami sararin ƙarasa ta ba.

Aurensa ma da ƙyar aka ƙwace shi daga hannunsa. Zuliha 'yar Bunkure ce, daga gidan manoman tumatir, kuma masu tumatir mutane ne da ba su san jira ba. Abin da ya nuna da safe, kafin la'asar yana bayan mota, in ba haka ba jibi ƙuda ne zai yi cinikinsa. Datti ya yi ta zuwa zance har tabarmar ƙofar gidansu ta haddace nauyinsa. Kullum aka zo maganar turo magabata sai ya ce bari tukuna a yi girbi. Rannan dai ta dube shi ta ce, "Malam Datti, ni fa ba shanshera ba ce. A gidanmu abin da ya nuna ba ya kwana a gona. In ba ka zo da kwando ba, ka matsa wa mai kwando." Kafin kasuwa ta sake ci an kai goro. Wannan ne abu ɗaya da aka san ya taɓa yi da sauri, kuma har gobe yana cewa tsorata shi aka yi.

Da ta tare, Zuliha ta shiga sana'ar matan garin, wato turara shinkafa. A jiƙa shanshera, a zuba a duro, a hura wuta tururi ya ratsa ta, a baza a rana ta bushe, sannan a kai inji. Abokiyar aikinta Iya Tambaya ce, ƙanwar kakar Datti, tsohuwa mai haƙora ƙalilan da baki mai yawa, wadda ke kiran Datti maigidana kamar yadda kakanni ke yi, tana kuma kai ƙararsa ko'ina cewa tun da ya aure ta bai taɓa saya mata ko ɗankwali ba, wai yana jiran a saƙa mai kyau.

To, akwai mutum guda da Datti ke ji da shi fiye da sitonsa, shi ne Sammani, ɗan ƙanwar babansa. Taubasai ne, saboda haka ba su taɓa gaisawa da daɗin baki ba. Datti ɗan namiji ne, don haka yake kiran Sammani bawana, shi kuma yana ce masa ubangidan da bai taɓa ciyar da bawa ba. Tare suka tashi, tare suka sha bulala a kan wanka a kanal, kuma tare suka kamu da ciwon da ya kama yaran zamaninsu, wato gem, wasan nan da ake bugawa a talabijin.

A lokacin akwai wani Hambali da ke da shago a bakin tasha, da talabijin mai ƙaton ƙeya, da na'urar gem, da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. A cikin faya-fayansa akwai wani da babu wanda ya iya faɗin sunansa, sai yara suka raɗa masa gem ɗin 'yan kwale-kwale. Mutum biyu ne a jirgin ruwa, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da gora yana korar kadoji da 'yan fashi, kuma ba ya yiwuwa sai da mutum biyu, don in mai tuƙi ya ajiye filafili ya ɗauki gora, ruwa ya tafi da su. Datti ke tuƙi, Sammani ke duka. Sun shafe rani guda suna hawa kogin nan, suna nitsewa suna sake farawa, har rannan suka iso wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe da ta tare kogin daga gaɓa zuwa gaɓa, wadda babu yaron da ya taɓa isa gare ta. Shagon ya cika har taga. Sammani ya ɗaga gora zai bugi sakatar, sai janareta ya yi tarinsa na ƙarshe ya yi shiru. Hambali ya ce mai ya ƙare, a dawo gobe. Da suka dawo goben, suka tarar da shago a share. Hambali ya haɗa talabijin da na'ura da faya-fayan ya sayar, ya sayi injin ban ruwa, don shi ma ɗan garin ne, ya san inda arziki yake.

Tun daga ranar ƙofar nan ta zauna musu a ƙirji. Sun yi gemu, sun yi iyali, Sammani ya zama direban babbar mota yana kwasar tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Legas, amma duk sanda suka zauna a bakin kanal sai maganar ta taso. Sammani na cewa zinariya ce a bayan ƙofar. Datti na cewa sarauniyar ruwa ce, kuma mai tuƙi za ta zaɓa, don ba a aurar da sarauniya ga bawa.

Ana nan, wata rana Sammani ya dawo daga Legas da ƙunshi a hammata. A wata kasuwar tsofaffin kaya ya yi kiciɓis da na'urar, irin ta Hambali sak, da hannayenta biyu na dannawa, da faifan 'yan kwale-kwale. Ko gida bai je ya yi wanka ba, ya dire ta a gaban Datti.

"Tashi, ubangida. Yau za mu ga abin da ke bayan ƙofar nan."

Datti ya shafa na'urar kamar mai shafa kan jariri. Har ya miƙe zai ɗauko talabijin, sai shaiɗan ya raya masa ya duba waya, wai ya ga yadda ake haɗa wayoyin. A nan ya ci karo da labarin da ya ɓata komai. Wai masu gem ɗin za su sake fito da shi. Labarin dai shi ne, kogin shi ne, amma za a wanke hoton tas, a gyara sauti, har gashin girar mai tuƙi za a riƙa gani. Kamar dai shinkafar da aka mayar inji aka sake goge ta, ta fito fara sol.

Datti ya koma ya zauna. Ya gyara hula.

"Bawana, bari tukuna."

"Na shiga uku," in ji Sammani, a hankali, kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"Saurara mana. Ƙofar nan sau ɗaya mutum zai fara ganin bayanta a rayuwarsa. In muka gani yanzu a wannan hoto mai kama da an zana da gawayi, mun ɓata. Ka taɓa ganin wanda ya cika cikinsa da ƙanzo ana sauke tukunyar biki?"

"Na ga wanda ya kwana da yunwa yana jiran bikin da ba a sa rana ba. Yaushe zai fito?"

"Sun ce nan kusa."

"Haka kai ma ka ce wa Zuliha."

Duk yadda Sammani ya yi, Datti ya kafe. Da ya ga kamar bawan nasa zai sace na'urar ya kai wani gida, sai ya yi dabarar da manomin shinkafa kaɗai zai yi. Ya naɗe ta a tsohuwar rigarsa, ya tura ta tsakiyar buhun shanshera, inda laima ba ta isa, ya ɗinke da basilla, ya ɗaura shuɗiyar igiya a kunnen buhun, ya kai can ƙuryar sito. Sannan ya tara mutanen gida ya ce wannan iri ne. A garinmu kuwa ko yunwa ta kai yunwa ba a taɓa buhun iri. Ɓarawo ma in yana da tarbiyya yakan tsallake shi.

Haka rani ya wuce, damina ta wuce, wani ranin ya zo ya wuce. Masu gem suka ce an ɗaga zuwa baɗi. Baɗi ta zo suka saki ɗan guntun hoto, ruwa na ƙyalli, kada na hamma har ana ganin dasashinsa, suka ce a ƙara haƙuri. Datti ya nuna wa duk wanda ya tsaya kusa da shi hoton nan, har mai shayi ya roƙe shi ya daina, yana kore masa mutane. Duk sanda ya shiga sito sai ya je ƙurya ya tura hannu jikin buhun, ya ji taurin abin a ciki, ya ɗan bubbuga shi, ya ce, "Saura kaɗan." Shi a nufinsa, in sabon ya fito za su fara da shi, sannan su ɗauko tsohon su yi masa dariya.

Sammani kuwa duk dawowa sai ya tambaya, duk tambaya sai a ce masa bari tukuna. Daga baya ya daina tambaya, abin da ya kamata ya tsorata Datti, amma shi sai ya ɗauka bawa ne ya yi hankali.

A ranin bana, ana tsakiyar dashe, Datti na tsaye cikin taɓo har gwiwa, sai ga Sammani a kan kunyar gona da fararen kaya.

"Ubangida, 'yanci na zo karɓa. Takarduna sun fito. Wani kamfani a ƙasar Larabawa ya ɗauke ni tuƙi, kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne. Jibi zan tashi."

Datti ya tsaya da damin irin dashe a hannu, ruwa na ɗiga.

"Jibi wace?"

"Wadda ke bin gobe. A can ba a ɗaga ta zuwa baɗi." Sammani ya tsuguna, ya tsinki ciyawa yana wasa da ita. "Na'urar nan tana nan kuwa, ko ka shuka ta?"

"Tana nan."

"To?"

Kowa ya san abin da ya kamata mutum ya ce a nan. Datti ma ya sani, har maganar ta hau harshensa. Amma hali zanen dutse. Ya ce, "Ka san fa jiya-jiyan nan suka ce ƙarshen shekarar nan ne, ba fashi. In ka zo hutu..."

Sammani ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Bai zage shi ba, bai kira shi ubangidan banza ba, sai ya ce, "Allah ya kai mu, Datti," ya juya ya tafi. Tun suna yara bai taɓa kiran sunansa haka tsirara ba. Ranar Datti ya dasa layi guda a karkace, har maƙwabcin gonarsa ya tambaye shi ko sabon salo ne.

Labari ya riga shi isa gida, don matar Sammani ta biya ta wurin masu turara. Zuliha ta ji, ta dubi Iya Tambaya, Iya Tambaya ta dube ta.

Washegari bayan azahar Datti ya dawo daga gona, ya leƙa sito kamar kullum, ya ga an share shi ƙal. Ƙuryar nan wayam, sai shatin buhu a ƙasa. Ya fito tsakar gida ya tambayi 'yarsa Khaulat ina buhu mai shuɗiyar igiya, ta ce ai Umma ta ce ƙwaro ya shiga tsofaffin buhuna, tun safe aka kwashe su zuwa wurin turara.

Waɗanda suka ga gudun Datti a ranar har yanzu ba su daina ba da labari ba. Mutumin da ko kunama ta harbe shi sai ya yi shawara kafin ya yi tsalle, sai ga shi ya keta layi ba hula, takalmi ɗaya a ƙafa, kaji na watsewa. Ya iso bayan gidan Iya Tambaya inda ake aikin. Duro-duro na kan murhu suna huci, an rufe bakinsu da buhuna, tururi na tashi. A jikin katanga kuwa ga buhunsa an rataye, babu komai a ciki, shuɗiyar igiyar na lilo.

"Lale da maigidana," in ji Iya Tambaya, tana gyara itace. "Yau kuma ɗankwalin nawa ka kawo da gudu haka?"

"Iya, buhun nan. Ina abin da ke ciki?"

"Shanshera? Ga ta can tana shan tururi."

"Iri ne fa."

Zuliha ta ɗago daga inda take baza shinkafa a kan tamfol. "Baban Khaulat, wane irin iri ne zai ga rani ya ga damina, ya sake gani, ya sake gani, ba a kai shi gona ba? Irin da ya shekara biyu ma sai an yi masa addu'a yake tsirowa. Wannan ai ya zama kakan iri."

"Ba ku ga komai a ciki ba? Wani abu, a naɗe, mai ɗan nauyi?"

"Mu dai juyewa muka yi," in ji Iya Tambaya. "Na dai ji wani abu ya ce ƙwal a gindin duro, na ce ko albarka ce."

Datti ya ɗauki shebur, ya yaye buhun da ke bakin duron, tururi ya buge shi a fuska bai ko ja da baya ba. Ya tona, ya tona, har shebur ya ci karo da abu. Ya ciro ƙunshin tsohuwar rigarsa, jiƙe sharkaf, yana hayaƙi. Ya dire shi a ƙasa ya tsuguna a gabansa. Bai buɗe ba. Abin da ya tsaya masa a rai ba na'urar ba ce, fararen kayan Sammani ne a kan kunyar gona, da yadda ya juya.

"Gobe zai tafi," ya ce, ba da kowa yake ba. "Abu ɗaya ya taɓa roƙona. Na turara shi."

Iya Tambaya ta bar shi ya dahu daidai yadda take barin shinkafa, ba ta sauke da wuri ba, ba ta kuma bari ya ƙone ba. Sannan ta ce, "To buɗe mana mu ga gawar, ko ma yi mata sutura."

Ya warware rigar da yatsu biyu saboda zafi. A ciki akwai dutse, ɗan dutsen niƙa, sumul, ya sha tururi yana sheƙi.

"Alhamdu lillahi," in ji tsohuwar. "Tun ina yarinya ake ce mini mai haƙuri yakan dafa dutse, sai yau Allah ya nuna mini shi da idona, kuma ashe maigidana ne. Zuliha, miƙo masa kofi ya sha romon."

Dariyar da aka yi ta tashi tsuntsaye daga kan shanya. Datti na tsugune yana kallon dutsen da ya shekara da shekaru yana bubbugawa yana ce wa saura kaɗan. Can sai kunnensa ya tsinkayi wani ɗan kiɗa daga rumfar Iya Tambaya, siriri, kamar ana busa sarewa ta hanci. Ko a kabari aka kaɗa masa shi zai gane. Kiɗan 'yan kwale-kwale ne.

Abin da ya faru kuwa, tun damina ta farko Zuliha ta lura an yi shuka an gama, buhun iri na nan ba a kwance shi ba. 'Yar masu tumatir ba ta iya kwana da tambaya a ciki. Ta farke ɗinkin, ta ga na'ura, ta saka dutse a madadinta, ta mayar da ɗinki yadda yake. Haɗawa kuwa ba ta ba ta wuya ba, ja a ramin ja, fari a ramin fari, rawaya a ramin rawaya, abin da ko kaza za ta iya in tana da yatsu. Ta kai rumfar Iya Tambaya inda akwai talabijin da sola. Aikin turara kuwa rabinsa zama ne, a jira tururi, a jira shanya, a kori awaki. A cikin zaman nan Zuliha ta zama matuƙiya, Iya Tambaya ta karɓi gora, kuma an ce tun da aka ƙera gem ɗin kadojin nan ba su taɓa shan duka irin na hannun tsohuwar nan ba, don tana yi tana zagin iyayensu.

Datti ya shiga rumfar, sai ya tarar da Sammani zaune a kan tabarma, an aika an kira shi tun ɗazu, hannun gem ɗaya a cinyarsa, ɗayan a ajiye a gefensa. A talabijin ga jirgin, ga mutum biyu masu kawuna kamar bulo, ga ƙofar ƙarfe ta tare kogi.

"Mun kawo muku jirgin har bakin ƙofa mun ɗaure," in ji Zuliha daga bayansa. "Ni ban buɗe ba. Na ce wannan ƙofar da masu ita."

Iya Tambaya ta yi wani tari da ba na mura ba.

"Iya ta buɗe," Zuliha ta ƙara. "Da ita da matar mai shayi, ranar da na je suna."

"Ni da nake jiran sammacin Mala'ika, zan tsaya jiran Bari-Tukuna?" in ji tsohuwar.

Datti ya dubi talabijin. Hoton ya fi yadda yake tunawa muni. Ruwan kamar an jera shuɗɗan akwatunan ashana, kadan da ke gefe kuwa ba a bambanta shi da kututturen dabino. Ya tuna wancan mai ƙyalli da ke cikin wayarsa. Hannunsa ya tafi neman hular da zai gyara, bai same ta ba, tana can a layi.

"Wato da a ce za a ɗan ƙara..." ya fara.

"Madalla," in ji Iya Tambaya, ta gyara zama. "Tunda jira za ka yi, bari in rage maka wahala. Ana buge sakatar nan, ƙofar na buɗewa, sai ka ga wani..."

Datti ya toshe kunne ɗaya da kafaɗa, ya faɗa kan tabarma, ya fizgi hannun gem ɗin. "Bawana, ɗaga gorar. Ɗaga kafin tsohuwar nan ta kashe ni."

"Sai ka ce don Allah, ubangida."

"Don Allah."

Ba a buɗe ta nan take ba, don yatsun Datti sun manta aikinsu. Sau da dama ya kai jirgin ya buga wa gaɓa, mata na tsaye a bakin rumfa suna ba da umarni. Zuliha na cewa ya bi hagu, akwai kada a dama. Iya Tambaya na cewa a ba ta gorar, wannan direban ko sauro ba zai kashe ba. Sammani na dariya har hawaye, yana cewa shekara nawa yana tuƙa babbar mota bai taɓa ganin matuƙi mai neman gaɓa da gangan ba. Aka kira la'asar, suka je suka yi, suka dawo. Rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta rufe shanya, sannan Datti ya tsayar da jirgin cak a tsakiyar kogi, Sammani ya ɗaga gora ya sauke a kan sakatar.

Ƙofar ta buɗe a hankali. Babu zinariya, babu sarauniya. Ruwa ne ya kwararo ta cikinta, ya bi wasu ƙananan hanyoyi, ya rarrabu cikin busassun gonaki, ƙasa ta yi duhu, wasu korayen ɗigo-ɗigo suka fara tsirowa. Mutanen nan biyu masu kan bulo suka sauka daga jirgi, suka zauna a gaɓa suna kallo. Sai rubutu ya fara hawa sama.

Sammani ne ya fara magana.

"Datti. Ashe duk shekarun nan kanal muke ta wahalar buɗewa."

"Abin da ake yi mana duk sati," in ji Datti.

"Kuma ko rigimar layin ruwa ba su yi ba," in ji Iya Tambaya. "Shi ya sa na san ƙarya ce."

Suka zauna a wurin, kafaɗa da kafaɗa, har rubutun ya ƙare, kamar dai waɗancan biyun na cikin talabijin, sai dai su kawunansu sun ɗan fi kyau. Ba wanda ya ce a kashe.

Washegari Datti ya raka shi tasha, har ya riƙe masa jaka, abin da ubangida ba ya yi wa bawa. Da mota ta tashi, Sammani ya leƙo ta taga ya ce in sabon ya fito a can zai sayo, su ga ko ruwan ya fi wannan jiƙa gona. Datti ya ce ya bari tukuna, shi bai gama da tsohon ba, don Zuliha ta ce sai ya iya tuƙi za ta yarda ta shiga jirgi ɗaya da shi.

Sabon dai an sake ɗaga shi zuwa baɗi. Datti har yanzu a ƙafa yake zuwa gona, ɗakinsa kuma na nan da robarsa. Amma in ka bi ta rumfar Iya Tambaya da yamma za ka ji tsohuwa na zagin kada, tana haɗawa da matuƙi. Dutsen kuwa Zuliha ta ajiye shi a bakin sito ana tokare ƙofa da shi, kuma an ga Datti, in ya zo wucewa yana zaton ba mai kallo, yana ɗan bubbuga shi da ƙafa.